Yadda na zaɓi mahaɗan waya don injin ƙyanƙyasar ƙwan zabi

Injin ƙyanƙyasa ya bambanta da sauran kayan lantarkin da na saba haɗawa. Fitila ko rediyo in waya ta saki, sai a kashe, a gyara, a sake kunnawa, ba a yi asarar komai ba. Ƙwan zabuwa kuwa kwana 26 zuwa 28 yake so cikin ɗumin da bai yi nisa da digiri 37.5 ba, dare da rana. In hita ta ɗauke cikin dare, ko ta ƙi ɗaukewa ba wanda ya sani, abin da ke cikin ƙwan ya tafi ke nan. Yayana yana kiwon zabi a ƙauyenmu, nesa da inda nake zaune a Kano, kuma da damina ƙwai kan yi masa yawa har ya rasa kajin da zai sa su kwanta masa. Shi ya ce in mayar masa da wani mataccen firji injin ƙyanƙyasa mai aiki da sola. Tun ranar da na amsa na san cewa duk abin da zan saka a ciki dole ya yi aiki ba ni a wurin, kuma in ya lalace, hannun Yaya ne zai taɓa shi, ni ina can ina yi masa bayani ta waya.

Alluna huɗu aikin ya ci. Akwai babban allo mai ɗauke da ESP32, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, shi ne ke yanke hukunci. Akwai allon wuta, inda batir mai 12V ke shigowa, daga nan ake kunna hita da fanka da ɗan injin da ke karkata tiren ƙwai. Akwai allon nuni mai madannai uku, sai ɗan ƙaramin allon sensa SHT31 da ke zama a cikin firjin yana auna zafi da laima. Na ƙara sensa ta biyu, DS18B20, don in ɗaya ta yi ƙarya ɗayar ta tona ta. Kowane allo shi kaɗai bai ba ni wahala ba. Abin da ya riƙe ni shi ne wayoyin da ke tsakaninsu, da abin da zai riƙe kan kowace waya ya haɗa ta da allo, wato mahaɗi.

A kan tebur, lokacin gwaji, da wayoyin nan masu launi-launi masu baƙin kai na haɗa komai, waɗanda ake kira Dupont. Don wannan matakin aka fi son su: ka zare, ka mayar, ka canza ƙafa cikin daƙiƙa. Amma na bar na'urar a kunne ina kallon abin da take rubutawa, sai na ga duk lokacin da fanka ta tashi teburin ya ɗan kaɗa, sensa takan ɓace ta dawo. In na taɓa wayar da yatsa ma haka. Dalilin a fili yake in ka buɗe kan wayar ka duba. Ɗan harshen ƙarfe ne a ciki yake danne ƙafar allon, ba ƙugiya, ba abin da zai hana shi zamewa, ba kuma abin da zai hana ka juya shi baibai. In ka taɓa cusa shi a ƙafa mai ɗan kauri, ya buɗe ke nan, kamar takalmin da aka ara wa mai babbar ƙafa. Na asalin, wanda kamfanin Berg ya fara ƙerawa da sunan Mini-PV, yana da ɗan sifirin dabam a ciki kuma yana riƙo sosai, amma abin da ke zuwa mana a ƙulli-ƙulli kwaikwayo ne mai arha. Ban yi tunanin barin ko ɗaya a cikin injin ba.

Wani abokin sana'a ya ce in huta, in liƙe kowace waya da dalma kai tsaye a kan allo, ba mahaɗi ba matsala. Maganarsa tana da gaskiya ta wani ɓangaren, don liƙin dalma mai kyau ba ya saki. Sai dai akwai abu biyu. Dalma tana bin silin waya ta hau sama ta ƙame, inda ta tsaya nan wayar ke karyewa in ana yawan motsa ta. Na biyu kuma shi ne Yaya. In allon wuta ya ƙone ana tsakiyar ƙyanƙyasa, ina so in ba direban motar ƙauye wani allon, Yaya ya zare wancan ya sa wannan kafin ƙwai su huce. Mutumin da bai taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba, ba zan ɗora masa wannan aikin a daren da hankalinsa ya tashi ba.

Sai na ɗauki takarda na zana kowane haɗi da layi ɗaya, a gefensa na rubuta yawan wutar da za ta bi ta wurin, da ko a cikin firjin yake ko a waje, da ko za a riƙa zare shi ko sau ɗaya za a sa a manta. A ƙarshe na rubuta abin da zai faru in an juya shi ko an sa shi a gidan da ba nasa ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali, don ƙafafun ESP32 wutar 3.3V suke ɗauka, in 12V ta shiga ɗaya daga cikinsu ko na ƙiftawar ido ne, allon ya gama.

Da wannan takardar na shiga Sabon Gari. A wani shago na ce wa mai shi ina neman JST.

Ya ce, "Injiniya, ai ga su nan, farare. Mai ƙafa nawa kake so?"

Na ce, "Alhaji, wane iri ne daga ciki? Tazarar ƙafafunsa nawa?"

Ya yi dariya ya ce duk JST ne, ya zubo mini su a kan kanta. Ban ga laifinsa ba, haka kowa ke kiransu. Amma da na jera su na aza ruler, iri uku ne dabam-dabam a cikin leda ɗaya, kuma ba wanda zai shiga gidan ɗan'uwansa.

JST sunan kamfani ne na Japan, an kafa shi a 1957, kuma yana ƙera mahaɗai iri-iri masu yawan gaske, kowane iri da haruffansa. Waɗanda mai aiki irin nawa zai fi cin karo da su ba su da yawa. XH shi ne farin nan mai kusurwa huɗu da ake gani a wayar daidaita cajin batirin lithium, tazarar ƙafafunsa milimita 2.5, kuma takardar kamfanin ta ba shi amfiya 3 in an yi amfani da waya mai lamba 22 a ma'aunin kaurin waya na AWG, inda ƙaramar lamba ke nufin waya mai kauri. PH ya fi shi ƙanƙanta, milimita 2.0, amfiya 2. SH ɗan mitsitsi ne mai milimita 1.0 da amfiya 1, shi ne a kan allunan sensa masu tsarin Qwiic na kamfanin SparkFun. GH milimita 1.25 ne, yana da makulli na gaske da sai ka danna yake saki. Babbansu a nan shi ne VH, milimita 3.96, wanda ke kai amfiya 10 da waya mai lamba 16.

Allunana a kan bero na haɗa su, allon nan mai ramuka a jere da tazarar milimita 2.54. Wannan kaɗai ya fitar da PH daga lissafi, don ƙafafunsa ba sa faɗawa ramukan sai an lanƙwasa su, kuma ƙafar da aka lanƙwasa da ƙarfi tana jan liƙin dalmarta har ya tsage. SH da GH a saman allo ake liƙa su, kuma matse kawunansu da hannu aiki ne na mai ido da haƙuri fiye da nawa buƙatun. XH ya rage. Akwai ɗan abin lura game da shi: 'yan kasuwar intanet suna rubuta masa 2.54, alhali na asali 2.5 ne. Bambancin 0.04 ne kawai tsakanin ƙafa da ƙafa, ba ka ganinsa a mai ƙafa uku ko huɗu. A mai ƙafa goma kuwa ya taru ya kai 0.36, kuma a nan za ka ji yana ƙin zama. Mafi tsawon da na yi amfani da shi mai ƙafa bakwai ne, ya shiga ramukan bero lafiya.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen hita. Wat 100 nake buƙata a kan 12V, wato amfiya 8.3 ke nan. Mutane da yawa suna ganin 12V wuta ce marar haɗari tun da ba ta jan mutum, amma ita ce ta fi narka mahaɗi, saboda yawan amfiyar da take turawa. Zafin da ke tashi a wurin haɗi shi ne amfiya sau amfiya sau turjiyar wurin, wato yadda yake tare wa wuta hanya, wadda ake aunawa da om. Sabon mahaɗi mai kyau turjiyarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari na om, a kan amfiya 8.3 hakan wajen wat 0.7 ne. In ya ɗan saki ko ya yi tsatsa turjiyar ta hau zuwa 0.05, zafin ya kai kusan wat 3.5, duk a kan ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar shinkafa ba, a cikin gidan roba. Zafin yana sassauta ƙarfen, sassaucin yana ƙara turjiya, turjiyar tana ƙara zafi, haka abin zai yi ta hawa har robar ta yi baƙi. Duk wanda ya taɓa buɗe cajar sola da ta ƙone ya ga wannan da idonsa.

VH an rubuta masa amfiya 10, kuma 8.3 ba ta kai 10 ba, amma ban yarda in sa shi aiki dab da iyakarsa ba. Wannan adadin a ɗakin gwaji aka same shi, da na asali, da waya mafi kauri, da matsin injin kamfani. Ni kuwa akwatina a saman firji zai zauna, a ɗakin da rufinsa kwano ne, kuma ban da tabbacin cewa abin da na saya daga Japan ya fito. Sai na raba hitar gida biyu, kowace wat 50, kowace da nata VH mai ƙafa biyu da waya mai lamba 18. Yanzu amfiya 4.2 ce ke bi ta kowanne, bai kai rabin ƙarfinsa ba, kuma tun da zafin yana bin amfiya sau amfiya ne, abin da ke tashi a kowane haɗi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Na kuma sami wata riba da ban fara nema ba: in hita ɗaya ta mutu, ɗayar za ta riƙe ƙwan da ɗumi har gari ya waye. Ƙafafun VH ba sa bin ramukan bero, sai da na huda masa nasa, na shimfiɗa waya mai kauri a bayan allon maimakon in dogara da ɗan siririn jan ƙarfen da ke jikinsa.

Na yi tunanin koren mahaɗin nan mai sukuru, mai tazarar milimita 5.08, wanda ake zare rabinsa a bar rabi a jikin allo. Yana ɗaukar wuta sosai kuma ba ya buƙatar filaya ta musamman. Abin da ya hana ni shi ne sukuru yana sassauta inda ake ɗumi da sanyi da kaɗawa, kuma yana jan hannun mutum ya kwance ya mayar da waya inda ya ga dama. Wuri ɗaya na bar sukuru, a gidan fiyus. Nan ma ban shafa wa kan wayar dalma ba, ko da yake na ga masu gyara da yawa suna yi don silin ya haɗu ya yi kyau. Dalma tana da laushi, tana lotsawa sannu a hankali ƙarƙashin sukuru, bayan 'yan watanni sai ka tarar wayar tana rawa. Ɗan bututun ƙarfen nan da ake zura wa kan waya a matse, ferul, shi na sa. Daga batir kuwa XT60 ne, rawayan nan na masu jirage marasa matuƙi, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da fiyus na amfiya 15 dab da kan batirin. Gefe ɗaya na bakinsa a yanke yake, ba ya shiga a juye ko da ka danna da ƙarfi. Macen, wato rabin mai ramuka, na sa a ɓangaren batir, don kada a bar ƙafafu masu wuta a waje su taɓa ƙarfe.

Tsakanin babban allo da allon wuta na yi amfani da faffaɗar wayar nan mai sili goma a manne, irin ta cikin tsofaffin kwamfutoci, mai jan layi a gefe ɗaya da ke nuna ƙafa ta farko. Ita ba a fere ta. Ana shimfiɗa ta a bakin mahaɗin a matse, haƙoransa su huda robar su kama kowane sili, kuma da ƙaramin bais na matse tawa don matsin ya sauka daidai ko'ina. Gidan da ke kan allo yana da tsagi, kan wayar yana da ɗan tudu, hanya ɗaya kawai suke haɗuwa. Silinta siriri ne, lamba 28, don haka na ba wutar 5V ƙafa biyu, na ba layin ƙasa, wato hanyar komawar wuta, uku. Na kuma tsara allon wuta yadda amfiyar hita za ta shigo daga batir ta koma batir a kan wannan allon kaɗai. Da na bar wata hanyar da za ta iya komawa ta babban allo, ranar da babbar wayar ƙasa ta saki, amfiya takwas za ta nemi hanya ta cikin waɗannan siraran, su kuwa ba za su ɗauka ba.

Allon nuni da farko a jikin ƙofar firjin na zana shi, don a nan ido ke fara sauka. Da na duba takardata na ga wayarsa za ta riƙa lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe ƙofa don ƙara ruwa, sai na ɗauke shi na mayar gaban akwatin da ke sama. Wayar ta koma ɗan taƙi da XH mai ƙafa bakwai, ba ta motsi ko kaɗan.

Sensa ta zo da nata sharuɗɗan. SHT31 da tsarin I2C take magana, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro a 1982 don sassan da ke kusa da juna a cikin na'ura ɗaya, ba a yi shi don doguwar waya ba. Na taƙaita wayarta ba ta kai mita ɗaya ba, na kuma raba ta da wayoyin hita da na injin juyi, kowa da hanyarsa. Cikin firjin laima tana tsakanin kashi 50 zuwa 55 yawancin kwanakin, a kwana ukun ƙarshe kuma a ɗaga ta zuwa 65 ko 70. Ban so wani mahaɗi ya zauna a wannan danshin ba. A jikin allon sensar na liƙa wayar da dalma, na ɗaure ta a jikinsa don kada ja ya sauka kan liƙin, na rufe wurin da silikon na bar bakin sensar a buɗe. Mahaɗin yana waje.

Sensar ce kuma za a riƙa cirewa bayan kowace ƙyanƙyasa don a wanke firjin. Ƙarfen XH da kuza aka shafe shi, kuma shafin kuza yana gogewa da yawan sa-da-cirewa. Irinsu 'yan gommai na zarewa ake lissafa musu, an yi su ne don a sa a bari. Kuza tana da wata halayyar kuma: ɗan motsin da ido ba ya gani yana goge fuskarta, ta yi tsatsa, a sake gogewa, har ƙurar tsatsar ta taru ta tare hanya, kuma sigina mai rauni irin na sensa ba shi da ƙarfin da zai huda ta. Shi ya sa ake son shafin zinare a irin wannan wurin, amma sai in namijin da macen duk zinare ne, don haɗa zinare da kuza yana hanzarta lalacewar. Abin da na samu a kusa shi ne GX12 mai ƙafa huɗu, zagayayyen nan na ƙarfe mai zoben da ake murɗawa ya kulle. Na ɗaura rabinsa a bangon akwati, daga can ciki ɗan gajeren XH ya kai shi kan allo, wanda ba mai taɓa shi. Mai gyaran firjin da ya cire kwamfuresa ya nuna mini inda bututu bai bi ba a gefe, na huda ramin da kan GX12 zai wuce, na toshe shi da roba.

Sai matse kawuna, kuma a nan ingancin XH da VH yake ko ya tafi. Ɗan ƙarfen da ake sa wa kan waya yana da fikafikai biyu-biyu: na gaba gajeru suna rungumar jan ƙarfen, na baya dogaye suna rungumar robar wayar. Filaya ta gida tana baje su ne kawai, su kama yau su saki gobe. Na yi odar filayar matsi ta kamfanin Engineer, wadda ke matse fikafikan gaba dabam na baya dabam. Ta fi jinkiri a kan masu yi a tashi ɗaya, amma kana ganin abin da kake yi. Wajen milimita biyu da ɗan ɗori nake fere wa XH. Matsi mai kyau, fikafikan gaba suna naɗewa su nutse cikin silin, kan silin ya ɗan leƙo gabansu, roba ba ta shiga ƙarƙashinsu ba, na bayan kuma sun riƙe robar ba su huda ta ba. Na zauna da guntayen waya na yi ta yi ina zubarwa har hannuna ya saba, kuma ina ba kowa shawarar ya sayi ƙarafan fiye da buƙatarsa saboda wannan.

Ido kaɗai bai isa shaida ba. Ƙa'idar UL, cibiyar gwajin ingancin kaya ta Amurka, ta ce matsin waya mai lamba 22 ya jure jan da ya kai wajen kilo 3.6. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka na cika galan mai lita huɗu, na kama ƙarfen a bais, na rataya galan a jikin wayar a hankali. Wanda ya zame na duba abin da ya jawo, yawanci sili ne ya yanke wajen ferewa ko na sa shi a ramin filayar da ya yi masa faɗi. Waɗanda na gwada da galan ban sa su a injin ba, samfur ne kawai. Ban kuma bi bayan matsi da dalma ba, don matsi mai kyau ya riga ya kori iska daga tsakanin silin, dalma sai dai ta ƙamar da wayar ko ta gangara ta toshe bakin mahaɗin. Wani amfanin matsi da na ji daɗinsa: wayoyin hita da fanka ta ɗan ramin da ruwan firji ke fita na zaro su da ƙarafansu tsirara, sai da suka fito waje na cusa su a gidan roba har na ji ƙas.

Wayar kanta sai da na tantance. Wasu ƙullin da na gani a kasuwa, waɗanda aka riga aka matse musu kai, robarsu ta yi kauri amma silin ciki bai taka kara ya karya ba. Na tafi da mayen ƙarfe a aljihu, duk wayar da ya ja na ajiye ta, don jan ƙarfe na gaske ba ya bin maye. Wadda na kankara da reza na ga fari a ƙarƙashin ja, alminiyon ne aka yi wa shafi, ita ma na bar ta, tana karyewa a matsi. Launinsu ma ba abin dogaro ba ne. Ba wata doka da ta ce ja a dama baƙi a hagu, kowane mai haɗawa da yadda ya ga dama, sai ka sayi biyu a shago ɗaya ka tarar sun saɓa. Kowace waya da mita na bi ta daga kai zuwa kai kafin wuta ta shiga.

Don kada wani ya shiga gidan wani, na ba kowa adadin ƙafarsa. Fanka biyu, DS18B20 uku, SHT31 huɗu, injin juyi da makunnai biyu masu tsayar da shi in tire ya kai iyaka biyar, allon nuni bakwai. Hitocin biyu kaɗai ne iri ɗaya, su kuwa ko an musanya su ba abin da zai faru. Na san mai ƙarfin hannu zai iya tura ƙaramin kai cikin babban gida, don haka na ɗiga fenti launi ɗaya a kan kowane kai da gidansa, na zana taswirarsu da Hausa a cikin murfin akwatin. Kowace waya na ɗaure ta a jikin akwati kafin ta kai mahaɗinta, yadda in an fizge ta daga waje, ɗaurin ne zai sha jan.

Kafin in kai shi ƙauye na bar shi yana aiki ba ƙwai a ciki. Hita na ci, na sa mita a kan milibolt na auna faɗuwar wuta daga wannan gefen VH zuwa wancan. A lissafi, amfiya 4.2 a kan kashi ɗaya cikin ɗari na om bai kamata ya wuce milibolt 42 ba, kuma duka biyun sun tsaya ƙasa da haka. Na bar su suka daɗe suna aiki na taɓa da yatsa, ba wanda ya fi ɗumin ɗakin. Na bi kowace waya ina girgizawa ina bubbuga akwatin, idona a kan allon nuni, lamba ba ta motsa ba.

Gwajin da na fi ba muhimmanci a ƙauye aka yi shi. Na cire batir, na zare komai, na koma gefe na naɗe hannu.

Na ce, "Yaya, ka mayar da su yadda ka ga ya dace, ni ba zan yi magana ba."

Ya duba murfin, ya bi launi, ya mayar da su duka daidai. Da na ce ya sake zarewa, sai ya kama wayar fanka zai ja.

Na ce, "Yaya, robar za ka kama, ba wayar ba. Ka ɗan kaɗa ta hagu da dama."

Ya ce, "Kai, wannan farin ai ya fi ƙarfin farcena. Wancan mai ƙugiyar ya fi daɗin sha'ani."

VH yake nufi, wanda kake danna harshensa ya saki. Ya yi gaskiya. XH tauri ne ke riƙe shi, kuma ɗan gefen da ake kamawa ya yi ƙanƙanta ga yatsun manomi, musamman a lungun akwati. Kafin in taho na sassauta ɗaurin wayoyin don hannu ya sami wurin shiga, na bar masa ƙaramar filaya mai tsinin baki da allon wuta na ajiya da cikakken jerin wayoyi da aka riga aka matse, kowace da fentinta.

Bayan ƙyanƙyasar farko na koma na buɗe akwatin. Laushin gashin 'yan zabi ya bi ramin ruwa ya hau har kan allon wuta, ya kwanta a bakin mahaɗan. Na share da burushi, na toshe ramin sosai, na shafa ɗan man silikon a ƙafafun GX12. Ba alamar zafi a jikin VH, milibolt ɗinsu yana inda na bar shi. Maƙwabtan Yaya biyu sun riga sun nemi irin injin, kuma a nasu zan buga allo na musamman maimakon bero, wanda zai ba ni damar barin XH in koma XA na JST ko Micro-Fit na kamfanin Molex, masu harshen da ake dannawa, a duk inda hannun mai kiwo zai taɓa.